Me Ke Sa Turare Ya Kwana a Jikin Riga?

A shekarar 2017 wani kamfanin turare na birnin Istanbul mai suna Nishane, wanda Mert Güzel da Murat Katran suka kafa a 2012, ya fitar da turaruka uku a lokaci guda, ya raɗa musu sunayen taurarin wasan inuwa na Turkawa: Hacivat, Karagoz da Zenne. Na farkon ne ya yi tashe, har ya zama cikin turarukan da masu kwaikwayo suka fi yi wa rubdugu. Masu sayar da madarar turare a Kano da Sakkwato sun saba liƙa sunayen manyan turarukan duniya a jikin ƙananan kwalabe, saboda haka saurayin ƙauye da ya shiga birni sayayyar Sallah yana iya komowa da wannan suna a aljihunsa, alhali bai san ko sunan mutum ne ko na gari ba.

Sunan mutum ne, ko da yake mutumin almara. Turkawa suna ba da labari cewa a zamanin Sarki Orhan, cikin ƙarni na 14, ana ginin wani masallaci a birnin Bursa, sai aka sami ma'aikata biyu, Karagoz da Hacivat, wato Hajibat, da ba su da aiki sai tsokanar juna. Hajibat ɗan birni ne, mai karatu, mai tauna magana kafin ya furta. Karagoz kuwa baƙauye ne mai faɗin gaskiya tsirararta, kuma duk kalmar da abokinsa ya ƙawata sai ya ji ta a karkace. Sauran leburori suka riƙa ajiye aiki suna sauraro suna dariya, gini ya tsaya, sarki ya fusata ya sa aka kashe su. Daga baya nadama ta kama shi, sai wani shehi mai suna Kushteri ya yanka siffofinsu da fata, ya riƙa motsa su a bayan farin ƙyalle da fitila, yana kwaikwayon muryoyinsu. Wasan yana nan har gobe, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon al'adun duniya a 2009.

To, ta yaya ake zuba mutum mai surutu a cikin kwalba? Ba a zuba shi. Abin da mai haɗa turare yake yi shi ne ya ɗauki hali ɗaya ko biyu na mutumin, ya nemi ƙamshin da jama'a suka saba dangantawa da wannan hali. Hajibat mai tsafta ne mai son ado, don haka aka buɗe turarensa da abarba da dangin lemo, aka sa yasmin da itacen sida da ganyen faculi a tsakiya, aka rufe da ƙamshin itace da na wata gansakuka mai fitowa a jikin bishiyoyin Turai. Wanda bai taɓa jin labarin Bursa ba abarba kawai zai ji, kuma bai yi kuskure ba. Sai dai labarin ba banza ba ne. Hancin ɗan Adam yana da nau'in masu karɓar wari kusan 400, binciken da Linda Buck da Richard Axel suka buɗe ƙofarsa a 1991 har ya kai su ga kyautar Nobel a 2004, amma duk da wannan baiwa, ba mu iya kiran sunan abin da muka shaƙa idan ba mu gan shi ba. Ƙwaƙwalwa takan jira a gaya mata. Warin daddawa ɗaya ne a ko'ina, amma idan ka san daga tukunyar miya yake fitowa sai yawu ya tsinke, idan kuwa a ɗakin baƙi ka ji shi sai ka fara dube-dube. Wannan gurbi suna yake cikewa, kuma kamfanoni sun san haka sarai. Aikin suna ke nan, ya kai mutum ga buɗe jaka. Da zarar an shafa, wani lissafi ne dabam yake fara aiki.

Duk abin da ke da ƙamshi yana sakin wasu ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, su bi iska su shiga hanci. Ƙwayoyin ba nauyinsu ɗaya ba. Na ɓawon lemo marasa nauyi ne, suna tashi nan take, cikin minti goma sha biyar zuwa rabin awa sun tafi. Na furanni da kayan yaji irin su kanumfari sukan ɗauki 'yan awoyi. Na itace da ƙaro da almiski masu nauyi ne, sukan wuni, a jikin tufa ma su kwana biyu. Abin yana kama da taron suna: 'yan kallo su fara watsewa da hantsi, maƙwabta su tafi bayan la'asar, dangi na jiki su kwana. Mai haɗa turare yana tsara wa kowa lokacin tafiyarsa ne, shi ya sa turaren da ka shaƙa a gaban mai teburi ba shi ne za ka ji a jikinka da azahar ba.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan muhimmanci. Masu nauyin ba tsayawa kawai suke yi ba, suna kuma riƙe marasa nauyin, su rage musu saurin gudu. Idan aka cakuɗa man fure da man sandal, ƙwayoyin furen sukan narke a cikin sandal ɗin, su riƙa fita kaɗan-kaɗan maimakon su tashi gaba ɗaya. Wannan riƙo shi ne sirrin sana'ar. Idan mace ta ɗauki kwalba a gidan mai turare ta tambaya, «Hajiya, yana kama jiki?», tambayar da masana a Faransa suke kashe shekaru a kanta ita ta yi.

Sai batun abin da ake narka ƙamshin a ciki. Turaren fesawa na Turawa yawancinsa sinadarin barasa ne, ainihin ƙamshin kaɗan ne: kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari a mafi tsarma, irin kolonyar lemon da Turkawa ke zuba wa baƙo a hannu, kashi 5 zuwa 15 a matsakaici, kashi 20 zuwa sama a mafi kauri, wanda a wannan rukuni Nishane ke sayar da nasa. Amfanin sinadarin shi ne yana tashi da sauri ya kwashi ƙamshi ya watsa, shi ya sa mai feshi yake cika ɗaki da zarar ya shigo. Mai kuwa ba ya tashi, yana kwanciya a fata ya riƙa saki a hankali, sai wanda ya matso ya ji. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin turaren da ke da wannan sinadari, kuma wannan ya taimaka wa madara ta riƙe kasuwar Arewa, musamman ga masu shirin masallacin Juma'a. Amma ko da an ajiye fiƙihu a gefe, yanayi ma ya yanke nasa hukuncin. A ƙasar Boɗinga da Shagari zafi yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, kuma zafi yana ƙara wa kowace ƙwaya saurin tashi. Turaren da aka auna shi da sanyin Istanbul, ya wuni a can, a nan yana iya sallama kafin azahar. Da hunturu kuma fata takan bushe, busasshiyar fata ba ta da maiƙon da za ta riƙe komai. Wanda ya fara shafa man da ba shi da ƙamshi kafin turare ya rage wannan asara, wanda ya sa a tufa ya fi shi dabara, domin zaren auduga ya fi fata sanyi kuma ba ya gumi.

Kakanninmu ba su jira an zo an koya musu wannan ba. A 1824 Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shekara tara bayan Shehu Usmanu ya baro Sifawa, nan ƙasar Boɗinga, ya koma birnin. Da yake lissafa kayan kasuwa, ya ambaci man wardi cikin abin da Larabawan Tarabulus da Gadamas ke kawowa, tare da alharini da kayan yaji da duwatsun ado. Cikin manyan kayan da Sakkwato ke fitarwa kuma ya ambaci jibda. A ganina wannan ɗan lissafi ya fi kowace almara daɗi, domin rabi biyu na turare ne suke wuce juna a tsakiyar Sahara: fure mai saurin gudu yana gangarowa kudu, abin da ke riƙe shi yana hawa arewa.

Dalilin da ya sa man wardi ya cancanci tafiyar watanni a bayan raƙumi shi ne ƙanƙantarsa da tsadarsa. A wancan zamani Tarabulus tana ƙarƙashin inuwar daular Turkawa, haka ma kwarin Kazanlak da ke Bulgeriya ta yau, wanda shi ne cibiyar wannan mai. Daga can ne wani mutum mai suna Isma'il Efendi ya kawo dashen wardi garin Isparta a 1888, yanzu kuma Isparta tana cikin manyan masu samar da man wardi a duniya. Ana tsinkar furen a watannin Mayu da Yuni, da asuba, kafin rana ta kwashe ƙamshin. Sai a zuba shi a babbar tukunya da ruwa a hura wuta. Tururi ya ɗauki ƙwayoyin ƙamshi ya bi ta wani bututu da aka sanyaya, ya koma ruwa, man ya taso sama a yaɗe shi, ruwan da ya rage shi ne ruwan wardi. Kafin a sami kilo 1 na mai sai an dafa tan 3 zuwa 4 na fure. Fasahar ba sabuwa ba ce, tun ƙarni na 9 malamin nan na Bagadaza, Alkindi, ya rubuta littafi a kan haɗa turare da tatsarsa, mai ɗauke da haɗi fiye da ɗari.

Jibda kuwa labarinta ba shi da kyan gani. Wani maiƙo ne da ke taruwa a jaka a ƙarƙashin wutsiyar tunkun jibda, ana tsare dabbar a keji a riƙa kankaro shi da ɗan cokali. Tsurarta wari ne mai hawa kai, ba mai iya zama kusa da ita. Amma idan aka tsarma ta sosai sai ta juye ta zama ɗumi da zaƙi, ta sa ƙamshin fure ya yi kauri ya daɗe. Manyan turarukan Turai sun dogara da ita shekaru aru-aru, har wani masani mai suna Leopold Ruzicka ya gano tsarin sinadarin da ke cikinta a 1926, aka sami hanyar haɗa shi a masana'anta. Yau kusan duk jibda da almiski da ambar ɗin da ke cikin turaren kasuwa na haɗi ne. Haka ma abarbar Hacivat, domin ba a tatsar mai daga abarba, sinadarai ake haɗawa su ba da wannan ƙamshi. Don haka wanda ke zagin turare da cewa «kemikal ne» ya haɗa har da mafi tsada a duniya.

Inda wannan ilmi na riƙo ya fi bayyana a wurinmu shi ne humra, wadda ta shigo ƙasar Hausa daga Sudan da Cadi ta hannun matan Shuwa da na Barno, yanzu kuma da wuya a yi gyaran amarya a Sakkwato babu ita. Ƙashin bayanta farce ne. Ba farcen mutum ko na dabba ba, murfin bakin wani dodon koɗin teku ne, ana kawo shi daga gaɓar Bahar Maliya da makamantanta. Ɗanyensa ƙarni gare shi, sai an jiƙa, an kankare sauran naman da ke manne, an soya shi har ƙarnin ya fita, sannan a daka. Mai haɗi takan kwaɓa shi da garin sandal da almiski da kanumfari, wasu su turara kwaɓin a kan garwashi da itace mai ƙamshi har hayaƙi ya ratsa shi, sannan a zuba madarori da turarukan ruwa, a toshe kwalba a ajiye. Farcen da kansa ba wani ƙamshin kirki gare shi ba, aikinsa riƙo ne, kuma wani bincike da aka wallafa a 2017 daga wata jami'a a Ostireliya ya gano sinadarai masu riƙe ƙamshi a hayaƙin irin wannan murfi. Ajiyar ma aiki ce. Cikin makonnin da humra take kwance, ruwan yana ci gaba da tsotso ƙamshi daga garin da ke ƙasa, kaifin wasu sinadarai yana dushewa, haɗin yana zama abu guda. Kamfanonin Turai ma sukan bar nasu haɗin ya kwanta na makonni kafin su ɗura. Wadda ta zo gida saura kwana uku biki tana cewa a haɗa mata sabuwa, ruwan turare mai gari a ƙasa za ta tafi da shi.

Turaren wuta wata hanya ce ta warware wannan matsala ta riƙo. Ana samun itace ko saiwa mai shan mai, kamar sandal ko hawi ko kajiji, a farfasa, a narka sukari, a juya itacen a ciki, a sauke a zuba madara, a rufe ruf. Sukarin yana yi wa kowane guntu riga, ya kulle man a ciki har ranar da ya haɗu da zafi, ya kuma ƙara nasa ƙamshi mai zaƙi idan ya narke. A kasko, zafi ne yake tilasta wa ƙwayoyi masu nauyi, waɗanda da kansu ba za su tashi ba, su bi hayaƙi su shige cikin zaren tufa da gashi da labule, su huce a can su maƙale. Shi ya sa zanen da aka kifa a kabbasa yake fita daga akwati bayan sati da ƙamshinsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora turare a kan jan garwashi mai ruruwa. Wannan ƙonawa ce, sukari ya yi baƙi, mai ya babbake, sai ƙauri. A bari toka ta lulluɓe garwashin tukuna. Kuma komai sanyin hunturu, kada a kulle ɗaki da kaskon gawayi a ciki, domin gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa, hayaƙin turaren kansa kuma yana tayar wa masu asma da jarirai.

Turare mai labari ma ba baƙonmu ba ne. Bintu Sudan, wadda kowace kaka ta san ƙaramar kwalbarta, kamfanin W.J. Bush na Landan ne ya fitar da ita a 1920, bayan wakilinsa Eric Burgess ya komo daga Sudan da samfurin ƙamshin da mutanen can suka ce suna so. An yi ta da mai, babu sinadarin barasa, kuma kamfanin Gongoni ya daɗe yana ɗura ta a Kano. Bature ya yi abin da Nishane suka yi, ya ɗauki suna da hoto daga wata al'ada ya liƙa. Amma hoton yarinyar da ke jikin kwalbar bai isa ya riƙe ta shekara ɗari a lefe da kayan biki ba, abin da ya riƙe ta shi ne an haɗa ta daidai da zafin ƙasar da ɗabi'ar masu shafawa.

Wani lokaci nakan yi tunanin abin da zai hana a yi turaren Gizo da Ƙoƙi. Kayan suna nan: saiwar jema a fadama, wadda 'yar'uwarta ta Indiya da Haiti take ƙarƙashin turarukan maza masu yawa, ga kajiji, ga ƙaron dashi da na ararraɓi, ga furen lalle. Har ƙamshin fatar da aka jeme da bagaruwa yana da gurbi, domin garin Grasse na Faransa, hedkwatar turaren duniya, da jima ya fara, majema suka shiga turara safar hannu don kashe warin fata, daga baya turaren ya cinye jimar. Sakkwato, ƙasar jar akuya, ba ta rasa wannan ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tukunyar tatsa, da ma'auni, da rubuta haɗi. Mai humra da ke awo da murfin kwalba da idonta takan yi abin mamaki yau, wata mai zuwa ya fito dabam, kuma ranar da ta rasu haɗin ya bi ta. Kamfani kuwa abin da yake sayarwa shi ne tabbacin cewa kwalbar bana daidai take da ta bara.

Wannan rubutaccen haɗi shi ne masu kwaikwayo suke farauta. Akwai na'urar da ake ɗiga mata turare ta rarrabe sinadaran da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi kimanin yawan kowanne. Da wannan ake haɗa madarar da ke zuwa a manyan gwangwanaye, 'yan kasuwa su ƙara mata mai su ɗura a ƙananan kwalabe. Saman turare shi ne mafi sauƙin kwaikwayo kuma mafi araha, shi ne kuma mai saye yake shaƙa a minti na farko, don haka nan ake zuba ƙoƙari. Ƙasan, inda tsadar take, nan ake yin rowa. Ba duk na kwaikwayo ne marar kyau ba, wasu suna da kyau daidai kuɗinsu, kuma ba laifi ba ne mutum ya sayi abin da aljihunsa zai ɗauka muddin ba a ce masa na asali ne ba. Hanyar ganewa ɗaya ce: a ɗiga a bayan hannu, kada a murza, a tafi a gama sauran cefane, bayan awa biyu a sake shaƙa. Kada a gwada fiye da uku a zama ɗaya, domin hanci yana gajiya, yana kuma daina jin abin da ya daɗe tare da shi. Wannan gajiyar ce take sa mutum ya ɗauka turarensa ya tafi ya ƙara fesawa, alhali na kusa da shi a sahu yana fama. Idan an saya kuma, a nisanta shi da rana da gaban mota, domin haske da zafi suna lalata ɓangaren lemon tun yana cikin kwalba, ya koma tsami. Ƙasan akwati, tsakanin tufafi, ya fi kan madubi.